To Ɗin Auta

Na haura shekara ashirin ina koyar da Hausa a Kazaure, amma ban taɓa ware wa kalmar "to" ko minti biyar na darasi ba. Ba ta cikin manhaja. Harafi biyu ce, kowa ya ɗauka ya san ta. Sai da ta kusa raba ƙanwata da aikin malanta sannan na fara sauraronta da kunnen basira.

Mu uku ne a wajen Inna. Ni ne babba, sai ƙanena mai gyaran waya a bakin tasha, sai Auta, wadda ta zo bayan kowa ya fid da rai. Ni take kira Yaya Babba, shi kuma Yaya Ƙarami, duk da ya fi ni tsawo, ya kuma fi ni baki nesa ba kusa ba.

Inna 'yar garin Gwiwa ce, daga cikin Fulanin nan da suka haɗa sanda da fartanya. Shanun gidansu sun ragu tun tana yarinya, kunyar ce ba ta ragu ba. A cikin dokokinta akwai wata da ba ta taɓa zaunar da mu ta karanta mana ba, amma duk mun haddace: ƙarami ba ya yi wa babba dariya. In babba ya yi barkwanci da gangan, wannan daban, sai a dara, a taya shi. Amma in ya yi tuntuɓe, ko ya cika baki, ko ya shara ƙaryar da ko akuya ba za ta yarda da ita ba, ba ka gani ba, ba ka ji ba. Ka tattara fuskarka, ka ce to, ka bar wajen.

Jarrabawar Auta ita ce Allah ya yi ta da saurin dariya, sannan ya haɗa ta ɗaki ɗaya da Yaya Ƙarami. Mutum ne da ba ya iya sayen burodi ya dawo ba tare da labarin yadda ya ceci mai burodin daga wata masifa ba. Tun tana 'yar shekara biyar ta gano dabarar cije cikin kumatunta. In ta cije, idanunta su yi rabi a rufe, bakinta ya miƙe kamar an ja shi da rula, girarta ko motsi. Wanda bai san ta ba sai ya ce fuskar shanu ce. Mu a gida mun san cewa a daidai wannan lokacin cikinta girgiza yake. Tana cewa "To," sai ta miƙe a hankali ta zagaya bayan ɗakin girki, can mu jiyo ta tana shaƙewa.

A shekarar da take ajin ƙarshe a kwalejin horar da malamai ne wani yayi ya shigo wayoyi. Babban wa ko babbar ya za su yi ta rawa ko cika baki a gaban waya, sai a juya ta kan ƙaramin gidan, a same shi yana kallo da fuskar da babu komai a cikinta. Shi ke nan bidiyon. Na ga na mutanen ƙasashen da ban san harshensu ba, na kuma yi dariya, don da alama duk inda aka haifi yaya, an haifi mai zaman kallonsa.

Na Yaya Ƙarami na farko ba shiri ya yi ba. Tallar sana'arsa yake ɗauka a tsakar gida, yana cewa ko waya ta kwana uku a cikin dam, in aka kawo masa ita zai tashe ta har ta yi sallama. Garin nuna yadda zai yi, sai wayar ta karkace, ta kamo Auta a kan tabarma tana yankan kuɓewa. Ta ɗago kai, ta dube shi da fuskar nan, ta ce, "To." Ta ci gaba da yankanta.

Da ya ga yadda mutane suka karɓa, sai ya mai da abin sana'a ta biyu. Yau shi ne zai sayi mota kafin damina, gobe shi ne wata baturiya ta ce sai shi. Kullum ƙarshen ɗaya ne. Auta ba ta damu ba. Ba a ce ta yi komai ba sai abin da ta saba yi tun tana yarinya, ga shi har tsire yake kawo mata.

Ban san girman abin ba sai da kawunmu mai sayar da hatsi a Babura ya zo gaisuwa. Ya ce wani abokin cinikinsa daga Nijar ne ya miƙo masa waya yana ƙyaƙyata dariya, ya ce ya dubi wannan yarinya. Kawu ya duba, ya ga 'yar ƙanwarsa, ya ga kuɓewa, ya ga har turmin gidanmu a bayanta. Abin da bai gani ba shi ne Yaya Ƙarami. An yanke shi. Mutane sun ɗauki daƙiƙun Auta kaɗai, suna liƙa su a ƙarshen duk maganar da ba su yarda da ita ba: alkawarin ɗan takara, rantsuwar tela ana jibi sallah, miji yana cewa ga shi nan a hanya. Ni kaina, ranar da na rubuta wa 'yan uwana malamai cewa zan gama makin jarrabawa kafin Litinin, amsar da mataimakin shugaban makaranta ya turo mini fuskar ƙanwata ce. Bai san ƙanwata ba ce. Ban gaya masa ba, kuma ban gama makin ba.

Yaya Ƙarami ya ji zafin yankan da aka yi masa. "Ni na yi maganar, ni na riƙe wayar, ni na sa data," in ji shi, "amma ita da ta faɗi harafi biyu ita ce tauraruwa."

Zafin da Inna ta ji daban ne. Wata maƙwabciya ce ta karanta mata abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashin bidiyon. Kalma ɗaya ce ke ta dawowa: raini. Wani ya rubuta, "Wannan yarinya ta iya raini." Wani kuma, "Ƙanwata sak, haka take raina ni." Da yake ni ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini tambaya kai tsaye, sai ta fuskanci bango ta ce, "Ashe ladabi ma in ya fita waje sunansa sauyawa yake." Na yi wa bangon bayani iya iyawata. Bai gamsu ba.

A cikin wannan hali aka tura Auta gwajin koyarwa a wata ƙaramar sakandare da ke wajen garin Roni. Lissafi za ta koyar, zango guda. Ƙa'idar ita ce wata rana, ba tare da sanarwa ba, mai duba daga kwaleji zai zo ya zauna a bayan aji, ya kalli darasinta, ya ba ta maki. In ya rubuta cewa ba ta iya riƙe aji ba, sai ta maimaita shekara. Auta kuwa tun tana firamare take jera gwangwanaye tana koya musu ƙidaya, ba ta taɓa son wani aiki ba sai wannan.

Ranar farko ta shiga aji, ta yi sallama, ta rubuta kan darasi a allo, ta juyo, ta kaɗe allin hannunta. Sai ta faɗi abin da kowane malami a ƙasar Hausa yake faɗa in ya juyo daga allo.

Ajin ya tarwatse. Wasu suka kifa kai a kan benci, wani ya faɗo ƙasa, 'yan ajin da ke maƙwabtaka suka leƙo ta taga. Ta tattara fuskarta don ta tsawatar, sai abin ya ƙaru, don fuskar da ta tattara ita ce dai wadda suka sani.

Bayan ta ba ni labari, na yi wa kaina gwaji. Na sa wata ɗaliba ta riƙa yin ɗigo a takarda duk lokacin da na ce "to" a darasi ɗaya. Kafin a kaɗa ƙararrawa ta cika layi biyu. Da ita nake buɗe darasi, da ita nake rufe shi. Akwai gajeruwa, mai nufin mu je gaba. Akwai doguwa, mai nufin yanzu kun gane. Akwai wadda ake faɗa a ƙasan maƙoshi, mai nufin na ji ka, za mu haɗu. Malamin da aka hana shi wannan kalma kamar mai babur ne da aka cire masa giya. Injin na ƙara, amma ba inda za a.

Shawarar da na ba ta, ta manyan malamai ce, wato mai daɗin faɗa. Na ce ta guji kalmar baki ɗaya. Hausa ba ta talauce ba, akwai yauwa, akwai madalla, akwai shi ke nan. Na ce kuma ta riƙa murmushi, tunda fuskar ce matsalar.

"Yaya Babba, in yi murmushi ina raba lamba?"

"Ana yi. Ni da murmushi nake koyar da nahawu."

"Shi ya sa suke faɗuwa?"

Ta faɗa a hankali, kanta a ƙasa, ta yadda in na so zan iya cewa ban ji ba. Na so.

Inna ta sa Yaya Ƙarami a gaba ya goge bidiyoyin daga wayarsa ɗaya bayan ɗaya, tana tsaye a kansa kamar mai jiran a kashe kunama. Ya goge. Ya yi ƙoƙarin yi mata bayanin cewa abin ya riga ya bar hannunsa, yana wayoyin mutanen da bai taɓa gani ba. Inna ta ce shi ya sake shi, shi zai kamo shi. Ya buɗe baki zai amsa mata yadda ake amsa wa uwa, sai ya tsaya, ya dubi Auta, ya ce, "Na ji, Inna." A 'yan kwanakin nan duk gidan muka koma tsallake kalmar kamar rami a tsakar gida.

A mako na huɗu na sami ranar da ba ni da darasin safe, na hau babur na tafi Roni. Shugaban makarantar abokin karatuna ne. Bayan mun gaisa ya ce yarinyar ta san lissafi, ba ta makara, takardunta tsaf, amma in mai duba ya zo ya tarar da ajin nan yadda yake, shi ba shi da bakin kare ta. Ya nuna mini tagar da zan tsaya ba tare da ta gan ni ba.

Abin da na gani shawarata ce tana tafiya da ƙafafu, kuma ban ji daɗin haɗuwa da ita ba. Auta na murmushi irin na hoton fasfo, tana zuba magana ba tsayawa, yauwa, madalla, yauwa. Ta lura cewa duk inda ta yi shiru nan kalmar take son faɗowa, sai ta daina shirun. Yaran kuwa sun koma farauta. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu cikin ladabi.

"Malama, babana ya ce zai saya mini jirgin sama."

"Madalla. Mu koma kan allo."

"Malama, ni kuma bakwai sau bakwai na samu ɗari da biyu," in ji wani daga baya.

"Yauwa, a'a, ba yauwa ba, sake dubawa."

Kowannensu ya zama Yaya Ƙarami. Sun gane yadda wasan yake: ka shara wadda ta fi ƙarfin hankali, ka jira. Ba mugunta ba ce. Tauraruwa aka kawo musu har aji, suna so ta yi abin da aka san ta da shi. Amma darasin ya ƙare ba wanda ya rubuta komai, kuma da ta fito na ga allin hannunta ya karye gida uku.

Ranar Juma'a ce, sai na jira ta aka tashi, na goyo ta zuwa gida. Muka wuce gonakin gyaɗa. Da muka shigo Kazaure ta ce in biya da ita bakin tasha. Muka sami Yaya Ƙarami a rumfarsa, ya buɗe cikin wata waya yana hura mata iska.

"Yaya Ƙarami, tambaya zan yi maka. A bidiyon nan, daƙiƙa nawa nake fitowa?"

"Ba na goge ba? Inna ta turo ki?"

"Tambaya ce kawai."

"Uku. Wani lokaci biyu da rabi."

"Me ya sa ba ka barin ya kai goma?"

Ya ajiye wayar. An taɓo inda ya sani, sai muryarsa ta sauka, cika bakin ya tafi. "Na gwada. Ba ya yi. Kina cewa to, ƙidaya biyu, a yanke. In ya wuce haka ba ya ban dariya." Ya ɗan yi tunani. "Gaskiya ma tsoro yake bayarwa. Sai mutum ya fara tunanin me ya yi miki."

Auta ta gyara mayafinta ta ce mu tafi. A hanya na so in yi sharhi, don malami ba ya son a gano abu a gabansa bai sa baki ba. Ta ce, "Yaya Babba, don Allah wannan karon kar ka ba ni shawara."

Abin da ya faru ranar Litinin daga bakin shugaban makarantar na ji, sannan daga bakinta, kuma labaran biyu sun yi daidai. Ta shiga, ta rubuta kan darasi, ta juyo, ta kaɗe alli, ta ce, "To." Ajin ya fashe, har da tafi, don sun yi mako uku suna nema. Ita kuwa ta tsaya. Ba ta tsawata ba, ba ta juya baya ba, ba ta sauya fuska ba. A waya, nan ne ake yankewa a wuce na gaba. A aji babu mai yankewa. Dariyar ta yi tsawon da za ta yi, ta fara tsinkewa, ta koma tari, wani ya yi ƙoƙarin tayar da ita bai sami mai taya shi ba. Fuskar na nan. Shugaban ya ce shi da ke ofis shirun ne ya fito da shi, ya ɗauka ta kore su ne. Ya leƙa ya tarar da yara sun sunkuyar da kai, kowa na neman biro. Ta ƙara musu kamar minti guda a haka, sannan ta ce su buɗe shafi na kaza.

Ba a rana ɗaya aka gama ba. Duk "to" sai da ta biya kuɗinta da tsayuwa, ta farko mai tsawo, ta biyu ƙasa da haka. Zuwa ƙarshen mako kalmar ta koma aikinta na da.

Na tambaye ta yadda ta iya daurewa, ita da dariyar yara ke kamawa kamar mura. Ta ce kwana biyun farko sai da ta ji gishirin jini a bakinta. Ta ce a rana ta uku kuma ta lura ba ta cije komai ba.

"Ai kin huta," na ce.

"Da can akwai dariya a bayanta, Yaya. Yanzu fuskar ce kawai."

Ni kuwa an riga an hana ni shawara.

Mai duba ya zo a mako na takwas, dattijo mai tabarau da jakar fata. Ya zauna a baya, darasi ya tafi lafiya, aka yi tambaya aka amsa. A ofishin shugaba ya buɗe takardarsa, ya cire murfin biro, sai ya tsaya ya ƙura mata ido ta saman tabarau.

"'Yata, kamar na san fuskar nan."

"Zai yiwu, Malam."

"Ke ce ta kuɓewa?"

"Ni ce."

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce 'ya'yansa ba za su yarda ba in bai kai musu shaida ba. Ya ciro waya ya ce shi zai ce ya kusa zama gwamna, ita kuma ta yi abin nata, daƙiƙa uku kawai. Takardar na nan a buɗe, wajen makin babu komai. Shugaban makarantar ya gaya mini cewa shi dai silin ya koma kallo.

Auta ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Da ƙyar na karɓo fuskar daga hannun yaran nan. In ta sake fita yau, gobe ba ni da aji."

Dattijon ya riƙe wayar na ɗan lokaci. Sannan ya mayar da ita aljihu, ya mayar da tabarau, ya yi rubutu mai ɗan tsawo, ya sa hannu. Ba ta ga abin da ya rubuta ba sai da sakamako ya fito bayan wata biyu. Ta ci, da maki mai kyau. A wajen sharhi ya rubuta cewa tana da nutsuwa, sai dai ta riƙa sakin fuska.

Ranar da ta dawo da sakamakon, muna zaune a inuwa bayan la'asar, Inna na dama fura. Yaya Ƙarami ya karɓi takardar, ya duba sama da ƙasa, ya ce ai shi ya san za a yi haka, don shi ya koya mata sirrin aikin, kuma da ya ga dama da yanzu shi ne shugaban kwalejin gaba ɗaya, su ma sun nema, lokaci ne ba shi da shi.

Auta ta dube shi. Sai ta fashe da dariya, a gabansa, a gaban Inna, baki buɗe, har tana dafa tabarma. Tun da aka haife ta ban taɓa ganin haka ba. Yaya Ƙarami ya tsaya da takarda a hannu, bai san ko ya ji haushi ba.

Ludayin Inna ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Auta. Yayanki ne fa."

Auta ta share hawaye da bakin mayafi. "Na sani, Inna. Ki yi haƙuri. Waccan fuskar ta zama ta wajen aiki, ba na so in riƙa kawo ta gida."

Inna ta daɗe tana kallonta. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma sake tsawatawa ba. Ta ci gaba da damu, ta zuba wa Yaya Ƙarami nasa, ta ce ya ƙarasa labarinsa tunda ya fara.